Ba Sawakin aka raɗa wa Goggonki ba

'Yata, saƙonki ya same ni bayan la'asar ina ƙofar gida lulluɓe da bargo, don sanyin Jos na bana bai zo da wasa ba. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya kawo mai albarka. Kin ce likita ya duba ya ga mace ce, kina so a mayar da sunan marigayiya Goggonki Ta-Sawakin, sai ƙanwar mijinki ta leƙa intanet ta ga wai Sawakin kurkukun aljannu ne. Shi ne hankalinki ya tashi, kike tambayar ma'anar sunan da asalinsa, da ko ya dace a yanka rago a kansa.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Dariyar ta aljannu ce, domin matar nan ta haura sittin tana amsa sunan, ko mafarkin tsoro ba mu taɓa jin ta yi ba. Abin da ya sanyaya mini jiki shi ne ke da kika yi wayo a ɗakinta, kika ci tuwon hannunta, ashe har ta koma ga Allah ba ki san laƙabi kike kiran ta da shi ba.

Sawakin gari ne a ƙasar Sudan, a bakin Bahar Maliya, kudu da Bur Sudan da kuke ji a rediyo ana ce wa Port Sudan, tafiyar da ba ta wuce awa guda a mota ba. Tsohon garin a kan wani ɗan tsibiri yake, kewayayye, wanda yaro zai zagaye shi da ƙafa bai nemi ruwan sha ba. Daga nan mutanenmu suke tsallakawa Jidda tun kafin a san jirgin sama.

Kakanki tela ne a Gangare, leburorin kuza yake ɗinka wa kaya. Da ya yi niyyar sauke farali sai ya kwashe mu gaba ɗaya, da ni, da Inna, da kan kekensa na hannu a naɗe cikin tabarma. A lokacin jirgin ƙasa iyakarsa Jos, bai kai Maiduguri ba sai 1964, saboda haka a bayan babbar mota muka hau, a kan buhuna. Bauchi, Potiskum, Yerwa, muka shiga ƙasar Faransa ta Fort Lami wadda yau ake kira Njamena, sai Abeshe, sai Junaina, sai Fashir, har Al-Ubayyid inda muka sake ganin dogo. Ba a jere aka yi ta ba. Inda guzuri ya ƙare nan ake sauka, Baba ya kafa keke a gindin bishiya, mu kuma mu shiga gona. Ranar da Sudan ta samu mulkin kai, 1 ga Janairun 1956, muna Wad Madani muna tsinkar auduga a gonakin Jazira, mu da Hausawa da Fulani da Barebari da ba su ƙirguwa. Wasu a kan hanyar aka haife su, a kanta suka yi furfura, Makka kuwa ba su gan ta ba.

Da cikin Goggonki Inna ta isa Sawakin. A can akwai zangon da hukuma take tsare maniyyata, a yi musu allurar rigakafi da lambar agana, su zauna jiran jirgin ruwa. A cikin wannan jira naƙuda ta kama ta da dare, a rumfar tabarmi, wata tsohuwa Babarbariya da wata Bazabarma suka karɓi haihuwar. Uwar Inna tana Jos, 'yan uwanta suna Jos, ba wanda ya san ta sai waɗanda hanya ta haɗa. Amma tsohuwar nan ta ce ko a bakin teku ne sai mai jego ta yi wanka da ruwan zafi safe da yamma. Ruwan daɗi a garin kuwa da kuɗi ake sayen sa, itace ma haka. Ni aka ɗora wa neman su.

Nan na haɗu da wani dattijo mai sayar da ruwa a kan jaki. Na yi masa 'yar Larabcin da na tsinta a Madani, ya dube ni ya ce, "Yaro, ɗan wane gari ne kai?" da Hausar da ta fi tawa tsabta. Iyayensa suna cikin waɗanda suka yi gabas bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, wanda garin Mai Wurno na kusa da Sinnar yake ɗauke da sunansa har gobe. Shi dattijon a goye aka fito da shi, bai san ƙasar Hausa da ido ba, amma ya san sunan unguwarsu da na rijiyar ƙofar gidansu. Tun daga ranar bai ƙara karɓar ko kwabon Inna ba.

Ana gobe suna ya ce in raka shi cikin tsibirin. Muka bi ta hanyar da aka cike ruwa aka haɗa shi da tudu, muka shiga ta wata tsohuwar ƙofa. 'Yata, ban taɓa ganin gini irin wannan ba. Benaye hawa biyu, hawa uku, farare, an gina su da dutsen murjani da ake fasowa daga cikin teku, in ka shafa bangon sai ka ji ramuka-ramuka a tafin hannunka. Tagogin katako masu ado sun turo kai waje, wasu sun karkace suna lilo da ƙusa ɗaya. Gida guda ya rushe rabi, kana hango matakala ta hau sama ta tsaya ba ɗakin da za ta kai ka. Masallatai biyu na nan da hasumiyarsu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya. Mutane ƙalilan, kyanwoyi kuwa ko'ina, manya, ba sa gudun mutum. Na matse jikin jakin na tambaye shi wa ya kashe garin nan, yaƙi ko annoba.

Ya ce ko ɗaya. Garin ya ga Turkawa, ya ga Misirawa, ya ga Usman Digna, jarumin Mahadi, ya kewaye shi da mayaƙa bai ci shi ba. Abin da ya kashe shi kasuwa ce ta tashi. Mashigar ruwan ta yi wa manyan jiragen Turawa ƙunci, sai Ingilishi suka fara gina sabuwar tasha a Bur Sudan a 1905, attajirai suka kwashe suka bi. Dutsen murjani kuwa in ba a shafe shi da farar ƙasa a kai a kai, iskar gishiri ce take cinye shi. Duk lokacin da na wuce tsofaffin barikokin kuza na wajen Bukuru da Barikin Ladi, na ga gidajen Turawa ba rufi da kududdufai cike da ruwa, garin nan nake tunawa.

A kan wani karyayyen dakali ya ba ni labarin sunan, kuma kashi uku ya ba ni shi. Ya ce malamai masu Larabci suna cewa sawakin jam'in sakin ne, wato mazauna, waɗanda suka natsu wuri guda. Masu hira da dare kuma suna cewa asalinsa sawajin ne, daga sijin, kurkuku, wai a tsibirin Annabi Sulaimana yake ɗaure aljannun da suka yi masa taurin kai, har ana cewa kyanwoyin nan ba kyanwoyi ba ne. Wannan shi ne abin da ƙanwar mijinki ta gani. Amma Hadandawa, masu ƙasar na asali, masu tarin gashi da takobi a kafaɗa, su U Suk suke ce wa garin da harshensu, daga suk na Larabci, kasuwa ke nan. Ni dai tun ina yaro zuciyata ga na Hadandawa ta karkata, domin mai wuri ya fi baƙo sanin abin da ya kai shi wurin, su kuma raƙuma da man shanu suke kawowa su sayi tufa da gahawa.

Da na koma na kwashe zancen aljannu na gaya wa Baba, ina rawar baki. Bai ɗago daga keke ba ya ce, "Wurin da aka yi kiran salla shekara ɗaruruwa, aljanin da ya rage a cikinsa ya musulunta." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ranar suna ba mu da rago. Baba ya riga ya ce za a raɗa suna kawai, a yanka in Allah Ya hore, tunda kuɗin jirgi ne a lalitarsa ba zai taɓa su ba. Bayan asuba wani dattijo Babarbare ya cire hularsa ya kifa ta baibai a tsakiyar tabarma, bai ce uffan ba. Mutane suka riƙa zuwa suna jefawa. Na leƙa cikin hular na ga sulen Najeriya, na ga farankan Faransa, na ga ƙurushin Sudan, har da wani kwabo mai huji da ya yi baƙi don daɗewa a ɗaure. Mai jakin ruwa ya kwasa ya tafi kasuwar tudu, ya dawo da ɗan rago ja, ramamme, na tabbata kuma ya cika daga aljihunsa. Aka samu wanzami Bakatsine cikin maniyyata, ya fito da zabira ya yi aski. Goro babu, sai wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta fito da guda biyu busassu da ta ɓoye tun daga gida, aka farfasa da dutse kowa ya samu ɗan tsinke. Hadandawan da suke maƙwabtaka da zangon suka kawo gahawa mai citta a 'yar tukunyarsu ta yumɓu mai dogon wuya. Liman Bafulatani ne, ya raɗa, aka shafa fatiha da harsuna sun fi biyar. Baba, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, ya juya ya ba mu baya.

Sunan da aka raɗa shi ne na mahaifiyar Baba, sunan uwar Annabi Isma'ila, wadda alhazai suke bin sawunta tsakanin Safa da Marwa. To ka ga Baba ba zai kira sunan uwarsa ba, Inna ba za ta kama sunan surukarta ba. Matan zango suka fara cewa Ta-Sawakin, ya bi ta Makka, ya biyo ta Jos. Ni ma da nake jika, da ikon in faɗa, bakina bai saba ba har yau. Inna takan ce suna linzami ne, ba a sa wa yaro wanda zai ja shi inda ba a so, shi ya sa na yanka ake ɗauko shi daga annabawa da salihan bayi, laƙabi kuma a bar shi ya riƙe labarin yadda aka zo. Kin san Tanko da Talatu da Azumi da Alhaji ɗan ƙaramin yaro, duk haka suke.

Yanzu kuwa sai ku buɗe waya ku zaɓo suna don daɗinsa a kunne, a rubuta a takardar asibiti tun uban yaro bai yi shawara da kowa ba. Na ji yarinya a gidan nan tana ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa tsirara a gaban surukanta, ba wanda ya ɗaga kai. Ku hau jirgi a Abuja da azahar ku kwana a Jidda, alhamdu lillahi, ban ce a koma bayan mota ba. Amma da kin zauna da Goggonki yini guda kin tambaye ta, da ta ba ki wannan labari ya fi nawa, don ita Inna ta ba ta har da abin da maza ba sa ji. Mu ma da laifinmu a wuyanmu, mun bar ku kuka tashi a kan karatun boko muna ganin labarin hanya ba abin faɗa ba ne.

Game da rago, wannan magana ce ta mijinki da iyayensa, don uba ke da suna. In sun yarda a mayar da Goggo, sunanta na yanka za a raɗa, kuma kin ga ke ma ba za ki iya kama shi a baki ba, dole a nemo abin da za a riƙa kiran yarinyar. Ki ce ya kira ni kafin lokacin ya zo. In kun yi arba'in kuma ku kawo mini ita Jos, ku taho da kayan sanyi masu kauri.