Kada ka sa hannu a kan "za a gyara in ka iso"

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso tare da hotunan takardun nan biyu. Ina fata su Inna da mutanen Tudun Wada duk suna lafiya.

Na karanta su a tsanake. Takardar tayin aiki da ejan ya fara turo maka ta ce asibitin nan na Riyad zai biya ka riyal 4,500 a wata, kai ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje. Kwantiragin da ake so ka sa wa hannu kuwa 3,200 ya ce, kuma a gurbin sana'a an rubuta abin da ba aikinka ba. Ejan ya ce kuskuren mai bugawa ne, ka sa hannu kada biza ta wuce ka, in ka iso za a gyara. Kana tambaya ko ka yarda.

Kada ka yarda. Mai yiwuwa da gaske kuskure ne, ana yi. To amma kuskuren gaske gyaransa bai kai yini guda ba, a sake bugawa a turo. Wanda ya ce sai ka tsallake teku kafin a gyara, ya san a lokacin ba ka da bakin magana: an ci bashi an biya shi, iƙamarka, wato katin izinin zamanka, tana hannun kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki, gida kuma an zuba ido ana jiran aike.

A nan Saudiyya abin da ke rubuce shi ne dokarka, kuma rubutun Larabcin. Kwantiraginka layi biyu ne, Larabci a dama, Turanci a hagu, kuma dokar ƙwadago ta ce in suka saɓa, Larabcin ake bi. Kai da kake Zariya ba ka da uzuri a nan. Ka ɗauki takardar ka kai wa malamin da ya ƙware, a cikin birni ko a sashen Larabci na jami'a a Samaru, ya karanta maka ita layi-layi, kana riƙe da biro. Ka duba ainihin albashi daban, kuɗin gida daban, kuɗin mota daban. Wannan rabon yana da tasiri, domin in ka yi aiki ya wuce awa 8 a rana ko 48 a mako, ana biyanka kuɗin awar tare da ƙarin rabi, kuma wannan rabin daga ainihin albashi ake lissafa shi, ban da alawus. Maganar sana'a kuwa ta fi damuna fiye da kuɗin. Abin da aka rubuta shi zai hau iƙamarka, shi za a duba ranar da ka nemi ɗauko iyali, kuma sauya shi yana buƙatar haɗin kan kafilin.

In ka iso akwai tsani na biyu. Za a turo maka kwantiragin ta manhajar Qiwa ta Ma'aikatar Ƙwadago, ka gan shi a wayarka, ka amince ko ka ƙi. Da yawa a nan suke faɗuwa. Mutum na tsaye a ofis, jami'i na cewa yi sauri ka danna, shi kuma yana jin nauyi, sai ya danna bai karanta ba. Ka zauna, ka buɗe takardar da ka sa wa hannu a gida, ka gwada lamba da lamba. In sun bambanta, ka ƙi, ka faɗi dalili. Wannan na Qiwa shi hukuma za ta buɗe ranar da rigima ta tashi.

Mu an raine mu da kawaici, yaro ba ya tsare babba da maganar kuɗi. Tarbiyya ce mai kyau, amma a ofishin albashi kunyar marar kunya asara ce. In wata ya ƙare ka ga kuɗinka bai cika ba, ka je da ladabi ka tambaya a ranar, sannan ka bi da saƙo a rubuce: wata kaza, abin da ya kamata kaza, abin da ya shigo kaza. Sau da yawa lissafi ne ya karkace, kuma a nan ake gamawa. Ka riƙa adana takardar albashi, bayanin banki da hoton jadawalin aikinka. Albashi ta banki ake biya don Ma'aikatar Ƙwadago ta riƙa gani, saboda haka katinka da fasfonka su zauna a hannunka. In aka ce ka ciro wani abu ka mayar, kada ka yi.

In magana ta ƙi ci, akwai hanya. Ana shigar da koke a ma'aikatar ta intanet, lambar wayarsu 19911. Za su fara da zaman sulhu, wanda aka ba wa kwanakin aiki 21. In ba a daidaita ba sai kotun ƙwadago, kuma ba a karɓar kuɗin ƙara daga ma'aikaci. Tun gyaran da aka yi a 2021, wanda aka hana albashi wata uku a jere yana iya komawa wani wurin aiki ba da izinin kafili ba. Amma akwai wa'adi: in wata 12 suka wuce bayan rabuwarku, kotu ba ta sauraron ƙarar. 'Yan'uwanmu mata masu zuwa aikin gida tsarinsu daban ne, ta Musaned, in wata ta tambaye ka kada ka ba ta wannan lissafin.

Duk zafin da ka ji, kada ka yi fushi ka daina zuwa aiki. Fiye da kwana 15 a jere ba uzuri ya isa a sallame ka ba ko sisin sallama, kuma in kafili ya kai rahoton hurub, wato ka gudu daga aiki, kai mai bin bashi kana iya komawa wanda ake nema, ƙarshenta tarhil, wato a koro ka gida.

Akwai wani bawan Allah da muka zauna gida ɗaya, ɗan wajen Giwa. Ranar tafiyarsa, jakarsa na cikin mota, aka miƙo masa takarda ɗaya da biro aka ce ta karɓar tikiti ce. Mukhalasa ce, shaidar cewa ya karɓi duk haƙƙinsa ba ya bin komai. Ya sa hannu da albashin wata biyu da kuɗin sallamarsa a ciki. Kuɗin sallamar nan doka ce: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan. In kai ka ajiye aiki yana raguwa, ƙasa da shekara biyu ma babu. Ba ka sa hannu a mukhalasa sai ka ga kuɗin a asusunka. Har yau in na tuna fuskarsa a waya yana ba ni labari, raina ɓaci yake.

Yanzu ka koma wurin ejan. Ka nemi ya nuna maka lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka karɓi rasidi a kan duk abin da ka biya, ka kuma sani kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama a dokar Saudiyya a kan mai ɗaukar aiki suke. Ka ce masa a gyara albashi da sana'a, da Larabci da Turanci, da hatimin asibitin, sannan ka turo min in duba. In ya ƙi, ka nemi kuɗinka. Tantancewar takardun karatunka ta Dataflow da jarrabawar lasisin aiki ta Prometric da ka ci naka ne, ba na ejan ba, kuma asibitin nan ba shi kaɗai ke neman irinka ba.