Amsoshin Tambayoyinku: Madaurin Tukunyar Iskar Nutso, Me Kuɗinka Ke Saya Maka?

Wani mai karatu ya rubuto yana cewa: "Na kammala horon nutso na matakin farko, kuma na fara haɗa kayana. Na sayi madauri mai kan ƙarfe, wanda ya fi mai kan roba tsada sosai, da zaton ba zai taɓa sassautawa ba. A fitata ta biyu sai tukunyar iska ta sulluɓe daga bayana a cikin ruwa, abokin nutsona ne ya tallabo ta. Shin an cuce ni ne?"

Ɗan'uwa, na yi murna da ka fito lafiya, domin tukunyar da ta sulluɓe tana iya fizge bututun numfashi daga bakin mutum, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Amma a ganina ba a cuce ka ba, ka dai ɗora wa kan madaurin, wato maɗallin da ke kulle shi a jikin tukunya, aikin da ba nasa ba. Galibin waɗannan madaurai da zaren nailan ake saƙa su, faɗinsu inci 2, kuma halin nailan ne idan ya sha ruwa ya ɗan miƙe. Saboda haka madaurin da ka ɗaure tamau yana busasshe a kan jirgi, da zarar ya jiƙe sai ya saki, ko da kansa na zinariya ne. Maganin abin ba ya cin ko sisi: ka tsoma madaurin cikin ruwa kafin ka ɗaure, ka ja shi har sai ka ji yatsunka sun sha wuya wajen kifa kan, sannan ka kama kayan ta igiyar kafaɗa ka ɗaga, ka girgiza sau biyu ko uku. Idan tukunyar ta motsa ko da kaurin yatsa ne, ka kwance ka sake. Ka kuma duba yadda aka zura madaurin a ramukan kan, domin zura shi ba bisa tsari ba na daga cikin manyan dalilan sulluɓewa, kuma yana faruwa har ga waɗanda suka daɗe suna nutso.

To me ƙarin kuɗin ya saya maka? Ya saya maka tsawon rai. Tukunyar alminiyum da aka fi yawan bayarwa haya a wuraren nutso tana cin lita 11.1, ana cika ta zuwa bar 207 (ma'aunin matsin iska), kuma nauyinta a cike ya kai kimanin kilo 17. Kan roba yana iya riƙe wannan nauyi shekara da shekaru, sai dai rana da buguwa suna gajiyar da shi, wata rana ya tsage ba tare da gargaɗi ba, alhali kan ƙarfe ba kasafai yake yin haka ba. Idan kana nutso kowane mako, kuɗin ya biya kansa. Idan sau biyu ko uku kake shiga ruwa a shekara, na fi so ka sayi madauri biyu masu kan roba mai kyau, da ƙaramin shimfiɗin roba mai hana santsi a bayan tukunyar, a kan ka sayi guda ɗaya mai tsada, domin idan ɗaya ya saki, na biyun zai riƙe.

Wata mai karatu kuma ta tambaya: "Ina so in koma amfani da farantin baya da jakar iska. Na ƙarfe zan saya ko na alminiyum, kuma shin zai gyara mini yadda ƙafafuna ke nutsewa ƙasa?"

'Yar'uwa, zaɓin farantin, wato allon da ake goyawa a baya a ɗaure tukunya a kansa tare da jakar da ake hura wa iska don daidaita nutsewa, ya dogara da irin ruwan da kike shiga. Farantin ƙarfe yana kai kimanin kilo 2.7, na alminiyum kuwa bai cika kilo 1 ba. Tukunyar alminiyum ɗin da na ambata tana rasa kusan kilo 2.7 na iska idan an shaƙe ta, har ta koma tana neman tasowa sama a ƙarshen nutso, don haka farantin ƙarfe yana taimakawa, ya kuma rage dalmar da za ki ɗaura a ƙugu don ƙara nauyi, ya mayar da nauyin saitin huhu. Mai yawan tafiya a jirgin sama zuwa ruwa mai ɗumi kuwa, alminiyum ya fi mata sauƙi. Game da ƙafafu, farantin zai rage matsalar, amma ba zai kawar da ita shi kaɗai ba. Matsar da tukunyar sama da inci ɗaya ko biyu, da yin atisaye a ruwa marar zurfi tare da malaminki, su ne za su ƙarasa aikin. Kafin ki biya, ki duba ko jakar iskar tana da ramukan madauri da abin da ke hana tukunya mirginawa, domin idan tana da su, ba lallai ne ki sayi ƙarin ƙarfen da ake sakawa tsakanin faranti da tukunya ɗaya ba.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ne da ke shirin haɗa tukwane biyu: ya samu zoben ɗaure tukwane na hannu da araha, kuma yana so ya sayi notuna a wajen masu kayan gini.

Malam, a nan ne zan ce ka ja birki. Fara da awo, domin tukwane ba faɗinsu ɗaya ba: akwai masu milimita 171, da 184, da 204, kuma zoben da aka yi wa ɗaya ba zai kama ɗaya ba. Tazarar da zoben ke bari tsakanin tukwanen dole ta dace da tsawon bututun da ke haɗa bawul biyun, in ba haka ba kullum bututun yana cikin matsi, har ya kai ga yoyo. Ramukan farantin baya kuwa a al'ada tazararsu inci 11 ce, kuma a kanta za ka saita notunan.

Sai batun ƙarfen kansa, wanda shi ne abin da ido ba ya gani a ranar ciniki. Ƙarfe marar tsatsa iri-iri ne. Mai lamba 316 yana ɗauke da sinadarin molibdenam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wanda ke ba shi juriya ga gishirin teku fiye da mai lamba 304, kuma maganaɗisu ba zai bambance maka su da tabbaci ba, sai ka nemi lambar a rubuce daga mai sayarwa. Noti mai fenti ko mai ruwan tutiya daga kayan gini ba zai daɗe a teku ba. Zobe na hannu ba laifi ba ne idan ka juya shi ka duba wurin walda da kyau, ba tsagewa, ba ƙananan ramuka masu launin ƙasa-ƙasa. Idan tukwanenka na alminiyum ne, ka sani cewa haɗuwar ƙarfe biyu mabambanta cikin ruwan gishiri tana cinye alminiyum ɗin a hankali, kuma ɓarnar a ƙarƙashin zoben take ɓuya, inda za ka tarar da farin gari kamar alli. Don haka ka riƙa ɗauraye kayan da ruwan daɗi bayan kowace fita, kuma duk lokacin da za a yi wa tukwanen binciken shekara, ka sa a kwance zoben gaba ɗaya a duba abin da ke ƙarƙashinsa.