Amsa ga Alhajin da ke son kai iyali hawan motar rairayi a Dubai

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Na ga tambayarka cewa za ku Dubai a hutun Disamba, kai da maiɗakinka da Inna da yara huɗu, mai shekara 17, mai 13, mai 9 da auta mai 5, kuma yaran sun ga bidiyon 'yan motocin nan masu hawa tudun rairayi, waɗanda ake kira bagi, sun kafe sai an kai su. Kana son sanin ko akwai haɗari, da kuma ta hannun wa ya kamata a biya. Ni saro kaya ke kai ni can daga nan Sakkwato, na kuma taɓa kai nawa iyalin, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Abin akwai daɗi, ba zan hana ka ba. Sai dai a cikin ku bakwai ɗin nan, mutum huɗu kawai nake ganin ya dace su hau: kai, da Hajiya, da manyan yaran biyu. Inna da ƙananan biyu su tsaya. Kuma wannan maganar tun a gida za ka yanke ta, ka gaya wa yaran kafin ku shiga jirgi. In ka bari sai an isa bakin rairayi, ga auta tana kuka, ga mai haya yana ce maka ba komai ka ɗora ta a cinya, wallahi da wuya ka iya cewa a'a.

Dalilina shi ne yadda aka ƙera motar. Yawancin waɗanda ake bayarwa haya can Polaris RZR ne ko Can-Am Maverick, akwai mai kujera biyu, akwai mai huɗu. Abin da ke tsare mutum a ciki abu uku ne: kejin ƙarfen da ya zagaye ta, da bel mai kama kafaɗu da ƙugu, da hular kwano. Dukkansu an auna su ne da jikin babba. Kamfanin Polaris da kansa ya rubuta cewa direba sai ya kai shekara 16 kuma yana da lasisin tuƙi, fasinja kuma sai ya kai 12, sannan ya iya zama bayansa jingine da kujera, tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa, hannunsa riƙe da mariƙin da aka tanada. Lokacin da na kai nawa, na zaunar da yarona mai shekara 10 a kujerar motar tana tsaye don in gani da idona. Ƙafafunsa suna reto, bel ɗin kafaɗa ya bi ta gefen wuyansa, hular kwanon kuma da ya girgiza kai sai ta rufe masa ido. Nan take na sauko da shi, ya yi fushinsa ya gama. Yaron da bel bai kama shi daidai ba, in mota ta sauko daga tudu ta doki ƙasa, zamewa zai yi ta ƙarƙashinsa. Wanda ke kan cinya kuwa babu abin da ke riƙe da shi sai hannun mutum, kuma hannu ba ya iya wannan aikin. Ko mai shekara 13 ɗin ma ka yi masa wannan gwajin kafin a tada mota.

Babban yaronka zai so ya tuƙa, na sani. Wasu kamfanonin za su ba shi, wasu sai mai 18. Amma a nan gida sai an cika 18 ake ba da lasisi, ke nan ba shi da shi. Ko da ya iya mota a cikin gari, ni ba zan ɗora masa ƙanensa in sake su cikin tuddai ba.

Tuƙin rairayi daban yake da na kwalta. Kowane tudu fuska biyu gare shi. Ɓangaren da iska ke bugawa yana hawa a hankali, yashinsa kuma a danne yake. Ɗaya ɓangaren gangare ne mai tsini, fiye da digiri 30, yashinsa sako-sako. Kana hawa ba ka ganin abin da ke bayan ƙololuwa, ko rami ne, ko wata mota ce ke tahowa, shi ya sa ake kafa musu doguwar tuta a baya. Wanda ya taka totur har ya ƙetare ƙololuwa da gudu, sama zai tashi ya sauko da hanci. Wanda kuma ya tsorata a tsakiyar hawa ya karya sitiyari ya ba gangare gefe, shi ne ke kifewa. Ƙa'idar ita ce a hau a miƙe, a sauko a miƙe, in mota ta gaza a tsakiya a dawo da baya a miƙe, kada a juya. Da rana tsaka kuma inuwa takan ɓace, duk rairayin ya zama launi ɗaya, ido ya kasa bambanta tudu da kwari. Da safe yashi ya fi tauri saboda sanyin dare, da la'asar kuma inuwa na fito da siffar kowane tudu.

Na taɓa ganin wata ta kife a gabanmu, kuma ba da gudu ba. Wasu samari biyu ne, direban ya yanke gangare ta gefe, tayoyin sama suka ɗaga a hankali har motar ta kwanta. Kejin ya yi aikinsa, bel ya riƙe su suna rataye. Direban ko ƙwarzane bai yi ba. Na gefensa ne da ya ji za su faɗi ya miƙa hannu ya kama ƙarfen kejin ta waje, motar ta kwanta a kan yatsunsa. Don haka ka maimaita wa yaranka har su haddace: komai ya faru, hannu na ciki, a kan mariƙi ko a kan bel ɗin ƙirji. Ba a kama keji, ba a fitar da hannu don ɗaukar bidiyo.

Ga yadda zan tsara muku da ni ne. A ɗauki mai kujera huɗu da direban kamfani, babban yaron ya zauna gaba, Hajiya da mai 13 a baya. Kai ka tsaya tare da Inna da ƙananan. In sun dawo, sai ka ɗauki mai kujera biyu ka bi bayan jagora, babban yaron na gefenka, in kana son ka ɗanɗana tuƙin. Ta haka ba a bar Inna ita kaɗai da yara cikin mutanen da ba ta jin yarensu ba, kuma uba da uwa ba su haɗu a mota ɗaya da sabon hannu a sitiyari ba. Rabin awa zuwa awa ɗaya ya isa. Kamfanin da zai miƙa maka makulli ya ce je ka abinka ba jagora, ka bar masa kayansa.

Ba ka ambata ba, amma in Hajiya na da juna biyu, ko wata nawa ne, to ta fita daga lissafi. Haka mai ciwon baya, ko wuya, ko zuciya, ko wanda aka yi wa aiki kwanan nan. Sannan ka kula da wani abu game da Inna: yawancin tafiyar hamada da ake sayarwa, Land Cruiser ɗin da ta ɗauko ku daga otal ita ce za ta tsaya a sace iskar tayoyinta, ta shiga wasan tsalle-tsalle a kan tuddai kafin a isa sansani. Wannan girgizar ta fi ƙarfin tsohuwa mai hawan jini, da yarinya mai shekara 5. Tun wajen ciniki za ka ce kana son mota taku ku kaɗai, ba haɗaka da baƙi ba, kuma a kai ku kai tsaye ba tare da wasan ba. Ana yi, kuɗin ne ya ɗan fi.

Maganar sutura maiɗakina ce ta fi ni lura da ita. Duk mun san abin da dogon hijabi ke yi in ya shiga tayar kabu-kabu a nan garin, to haka yake can, ga iska ga yashi. Ita ta sa dogon wando a ƙarƙashin abaya, da ƙaramin hijabi marar allura wanda hular kwano za ta zauna a kansa, ta cusa bakinsa cikin wuyan riga, ta tattare abayar a ƙarƙashin bel. Ba ta rasa suturarta ba, kuma babu abin da ke lilo. Kai ma ka ajiye babbar riga a otal. Takalmi rufaffe, ba silifa ba, sai tabarau mai rufe ido, wanda ya kamata kamfanin ya bayar tare da hula. A can za ku ga babura masu taya huɗu, har da ƙanana na yara, haya da araha. Su ba keji ba bel, in sun kife a kan mahayi suke kwanciya. In har za ka bar mai shekara 9 ya hau don a rarrashe shi, to ƙaramin, a filin da aka killace marar tudu, da hula daidai kansa, kana tsaye. In ba haka ba, hawan raƙumi na 'yan mintuna da sulu a kan gangaren yashi sun ishe su murna.

Yanzu batun biya. In a unguwar Dera ta cikin Dubai za ku sauka, kamar yawancinmu, kana fita wajen Naif ko Baniyas za a cika maka hannu da takardun talla, wasu ƙasa da dirhami 100 kowane mutum. Wannan farashin ba ya haɗa da bagi. Kuɗin bagi daban ne, kuma ya ninka wancan sau da yawa, sai an kai ka can inda ba ka da zaɓi sannan a faɗa maka. Mai miƙa takardar kuma dillali ne, shi ma ya sayar da ku ga wani, wanin ya haɗa ku da wata mota. Ba na cewa duk dillali macuci ne, akwai 'yan'uwanmu Hausawa masu amana da ke wannan harkar. Amma ko ta hannun wa ka bi, ka nemi sunan kamfanin da motocin ke hannunsa, da lambar lasisinsa na hukumar tattalin arziki da yawon buɗe ido ta Dubai, ka duba abin da mutane suka rubuta a kansa a Google, musamman masu ƙorafi na kwanan nan. Sannan a rubuto maka a WhatsApp, ba da baki ba: wace irin mota, kujera nawa, minti nawa na tuƙi zalla ban da jira da ɗaukar hoto, a ina za a yi, Lahbab ne ko Badayir da ke kan hanyar Hatta a yankin Sharja, kuma in an fasa tafiya har yaushe ake mayar da kuɗi. Ka ba da ɗan kafin alƙalami, cikon sai ka ga motar. Dirhami a ɗaure yake da dala, 3.67 a dala ɗaya, lissafin ba wuya.

Inda aka fi kama mutane shi ne takardar da ake sa hannu kafin a hau. Ana miƙo ta a tsaye, cikin hanzari, da Turanci. Yawanci abin da ke ciki shi ne kamfani ba ruwansa in ka ji ciwo, kuma duk ɓarnar da ta sami mota kai za ka biya. Ka ce a turo maka ita tun kana otal ka karanta a natse, ka tambayi iyakar abin da za a iya cajinka. Kada ka bar fasfo a matsayin jingina. Kafin a tashi ka zagaya motar da bidiyo, ka ɗauki tayoyi da fitilu da duk wani tsagewar roba. In kuma ta kafe a yashi, ka ɗaga ƙafa daga totur ka jira jagora, domin ci gaba da takawa na ƙona bel ɗin giyarta, kuma a kanka za a ɗora. Inshorar tafiya ma ka duba ta da kyau, da yawa daga cikinsu sun cire irin wannan wasan a sharuɗɗansu, ga asibitin Dubai da tsada. Ka tambayi wanda ya sayar maka da ita a rubuce.

Akwai kuma abin da ban ga ana faɗa wa mutanenmu ba sai sun tsinci kansu ciki. Tafiyar yamma takan ƙare ne a sansani da cin abinci da raye-raye, har da rawar mata ta Larabawa, da shisha, wasu wuraren har da giya. Ba wurin da zan zaunar da Inna da yara ba ne. Ka zaɓi ta safe, a ɗauke ku bayan asuba a dawo da ku kafin azahar, ko ta yamma wadda ba sansani. In ta yamman ce, rana na faɗuwa wajen ƙarfe 5:30 a Disamba, ku tafi da alwala da darduma, da rigunan sanyi kuma, don hamada na yin sanyi sosai da zarar rana ta faɗi.

Lokacin da kuka zaɓa ya yi kyau. Daga Nuwamba zuwa Maris ne yanayin ke da sauƙi. Daga Yuni zuwa Satumba zafi na wuce digiri 40, kuma kada wani ya ce ai mu 'yan Sakkwato ne mun saba, a gida akwai inuwar dogon yaro da randa, can kuwa kana cikin hular kwano kusa da inji mai zafi. Ko a Disamban ku riƙe ruwa da yawa, kuma kada a cika ciki da abinci awa biyu kafin a hau, saboda amai. Tun 2022 hutun mako a Dubai Asabar da Lahadi ne, Sharja kuma har da Juma'a, a ranakun nan 'yan gari ke fitowa da nasu motocin su cika tuddai, haka ma lokacin bikin ranar ƙasa na 2 ga Disamba. Ka nemi Litinin zuwa Alhamis. Ka sa lambar 999 ta 'yan sanda da 998 ta motar asibiti a wayarka da ta Hajiya da ta babban yaron, kuma da kun isa ka tura wa wani na cikin gari inda kuke a taswira. In kamfanin ya turo maka takardar sa hannun, ka sako hotonta nan mu duba ta tare kafin ka biya.