Tambaya da Amsa: Mu Rushe Gidan Kakanmu na Ƙasa ko Mu Gyara Shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Daga Argungu nake rubuto maka. Muna da gidan gado wanda kakan mahaifinmu ya gina da ƙasa, a cikin tsohon gari, ba nisa da Gidan Nabame, tsohuwar fadar Sarkin Kabi. Akwai babban zaure mai rufin soro da bakan gizo, da shigifa, da ɗakuna a ciki. Wajen shekara goma da suka wuce aka yi wa bangon gaba shafen siminti don a huta da yaɓe. Yanzu simintin yana ɓamɓarewa, gindin bango ya zaizaye, zauren kuma yana yoyo. Ƙannena sun ce a rushe gidan gaba ɗaya, a zuba shaguna a gaba, a yi ɗakunan bulo a baya. Baffanmu, wanda shi ne babba a gidan, ya ce muddin yana raye ba mai taɓa zauren. Ni ina tsakiya. Mece ce shawararka?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ƙara wa Baffa lafiya. Shawarata a taƙaice ita ce kada ku rushe zauren, kada kuma ku ɗauka cewa dole kowane ɗaki na gidan ya tsira. Amma kafin a zo ga wannan, akwai maganar rai. In akwai ɗakin da bangonsa ya karkata, ko rufinsa ya yi ciki, ko ƙasa take zubowa daga tsakanin azara, a fitar da masu kwana a cikinsa yau, musamman yara da tsofaffi. Kusan kowace damina sai an ji gini ya faɗa wa mutane cikin dare a garuruwanmu, galibi a watan Agusta lokacin da ruwa ke kwana yana zuba. Babu tarihin da ya kai ran mutum.

Abin da ka kwatanta, ciwon ruwa ne. Ginin ƙasa ba ya mutuwa don tsufa kawai. Ruwa ne ke cin sa, ta kai ko ta gindi, kuma naku yana shan duka biyun. Simintin da aka shafa da kyakkyawar niyya shi ya ƙara dagula lamarin. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani, haka yake rayuwa tun ranar da aka gina shi. Idan aka lulluɓe shi da siminti, ya zama kamar mutumin da aka sa wa rigar leda a zafin bazara, gumi na fita amma ba inda zai bi. Ga shi siminti da ƙasa ba sa miƙewa da takurewa tare, don haka ko ba daɗe ko ba jima sai shafen ya yi 'yan tsage-tsage. Ruwan sama ya shiga ta nan, danshin ƙasa ya hau ta gindi, duka su taru a bayan simintin. Daga waje bango sumul, daga ciki tubali ya koma taɓo, gara kuma ta samu wurin zama mai duhu da laima.

Ka gwada da kanka. Ɗauki ƙotar fartanya ko ƙaramar guduma ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa a hankali. Inda ka ji sauti a cike, shafen na manne. Inda ka ji yana amsawa kamar ganga, ya riga ya rabu da bango. Ɓalle ɗan guntu a irin wannan wuri kusa da ƙasa, ka sa hannu. Sau da yawa za ka tarar da ƙasa mai sanyi tana marmashewa, da wani farin gari kamar kanwa, wato gishirin da danshi ya kwaso daga ƙasa ya bari a jikin bango, da hanyoyin gara sun yi sama.

Sannan ka fita ƙofar gida ka dubi titi. A yawancin tsofaffin unguwanninmu, duk lokacin da aka gyara hanya sai an ƙara mata jar ƙasa, maƙwabta kuma kowa ya cike ƙofar gidansa, har titi ya fi daɓen zaure tudu. Gidan da a da ake hawa a shiga, yanzu gangarawa ake yi. Ruwan unguwa sai ya riƙa kwanciya a gindin bangonku. Ka duba kuma ko akwai famfo, ko wurin alwala, ko makewayi, ko ramin sokawe da ke manne da bangon. Argungu gari ne na bakin fadama, ƙasarsa ba ta rasa danshi da damina, saboda haka ko ɗigon famfo ɗaya da ya shekara yana zuba a wuri guda ya isa ya cinye gindin katanga. Muddin ba a kawar da wannan ruwa ba, duk kuɗin da za ku zuba a gyara asara ce, kuma ko ginin bulon da ƙannenka suke so, gishirin nan zai ci shi.

Yoyon zaure ya fi sauƙin magani fiye da yadda ake tsammani. Da yawa indararo ne ya toshe da ganye da shara, ko ya tsage daga inda ya shiga bango, ruwa ya taru a kan soro ya nemi hanya. A hau a share, a duba rawanin ginin da zankwaye, domin ta nan zaizaya take farawa. Daga ciki kuma a samu tsohon magini ya bi azara ɗaya bayan ɗaya da tsinin wuƙa, musamman bakinta da ya shige cikin bango, don can take ruɓewa ba a gani. Azara daga namijin giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa take shekaru aru-aru. Sai dai ba ta iya ɗaukar nauyin rufi a faɗin da ya wuce kamar ƙafa shida. Wannan ne ya sa maginan da suka ƙirƙiro bakan gizo: ana jera azara daki-daki tana fitowa daga bango, ana ɗaure ta, ana lulluɓe ta da ƙasa har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, a raba rufin gida-gida yadda kowace azara za ta iya da nata kason. Fasahar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa ke nan a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Abin da ke kan zaurenku ɗan gidan wannan ilimi ne, kuma masu iya ɗaura shi daga farko sun yi ƙaranci ƙwarai. Shagon bulo kuwa ko gobe kuka so birkila zai tsayar muku da shi. A nan ina bayan Baffa.

Yadda za a bi gyaran, a fara bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Maris, don ƙasa ta samu bushewa. A tokare rufi da itatuwa masu ƙarfi kafin a taɓa komai. A ɓamɓare simintin kaɗan-kaɗan da hannu, a bar bango ya sha iska makonni. Gindin da ya zaizaye kada a buɗe shi gaba ɗaya a rana guda. A ɗauki kamar taku uku, a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a iske mai ƙarfi, a cike da busasshen tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a tsallake taku uku a kama wani wurin, sai na farko ya bushe a dawo wa na tsakiya. In zaizayar ta ci kusan sulusin kaurin bangon, wannan ya wuce aikin magini shi kaɗai, a kira injiniya ya gani da idonsa. Haka ma tsagar da ke ƙara buɗewa. Ka ja layi da fensir a ƙarshenta, ka auna faɗinta ka rubuta kwanan wata a gefe, ka riƙa dubawa. Wadda ta tsaya cik ana ɗinke ta da guntayen azara a cike. Wadda ke tafiya tana nufin ƙasan ginin na motsi.

Ƙasar yaɓe ma ba a kwaɓa ta yau a shafa yau. Ana jiƙa ta, a tattake, a zuba ciyawa da kashin doki, a bar ta ta kwana biyu tana tsima ana juyawa. A kan wannan ake sa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke ba bango wannan launin ja-ja mai duhu kuma take kore ruwa. A kan soro da rawani laso ake sawa, haɗin katsi daga karofi da gashin jima daga majema da ruwan dafara. Matsalar ita ce marina da majema sun ragu, don haka katsi ya yi wuya. In bai samu ba, ban ga laifin a ɗora rufin kwano mara nauyi a saman soron ba, a ɓoye shi a bayan rawani ko a ba shi baki mai tsawo, ruwansa ya zuba cikin kwata nesa da bango. Masu son gargajiya zalla ba sa son jin wannan, amma na fi son zaure mai hular kwano da yake tsaye a kan wanda ya zube. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a zuba rufin kankare a kan bangon ƙasa, ko a fasa shi da faɗi don a sa ƙofar shago ta ƙarfe, ko a sassare shi don binne wayar lantarki. A bi da wayar ta cikin bututu a saman bango. A gindin bango daga waje a yi dakali mai gangara da zai tura ruwa zuwa kwata.

Ƙannenka ma suna da hujja, kada a raina ta. Gida yana buƙatar abin da zai riƙe kansa, kuma yaɓe duk bayan 'yan shekaru kuɗi ne. Idan fuskar gidan tana da faɗi, a yi shago ɗaya ko biyu a gefen zaure inda katanga ce kawai, da nasu harsashin daban, a bar rata tsakaninsu da tsohon bango, kada kuma a haƙa ramin harsashi dab da gindinsa. Kuɗin hayar a ware wani kaso a rubuce don gyaran zaure. Ɗakunan ciki da suka gaji, waɗanda ba su da wani aikin gwaninta a jikinsu, a sauke su a yi na zamani da banɗaki mai kyau da magudana, domin matan gidan su ne suka fi kowa shan wahalar tsohon gini. Sai dai ku sani za ku yi musayar wani abu. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bango mai kauri yana riƙe zafin rana ba ya sakin sa sai dare, shi ya sa zaure ke da sanyi da azahar. Ɗakin bulo mai kwano babu silin kuwa kowa ya san yadda yake. In za a yi sabo, a ɗaga rufi, a sa silin, a yi tagogi masu fuskantar juna, a bar bishiyar tsakar gida.

Akwai kuma abin da mutane ba sa tunawa sai aiki ya yi nisa. Tsohon gini yana zaune a kan iyakarsa ta asali. Ranar da kuka rushe kuka nemi izinin sabo daga hukumar raya birane ta jiha, ana iya cewa ku ja baya daga bakin hanya kamar yadda ƙa'idar tsara gari ta tanada, sai filin shagunan da ake lissafi ya ragu. Ku je ku tambaya tun kafin a ɗaga diga. In kuna da katangar da kuka haɗa da maƙwabci, a zauna da shi gaban mai unguwa, don sauke taku na iya tafiya da ɗakinsa. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, ikonta yana kan wuraren da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa, irin su kufan Surame, tsohon birnin Kabi. Gidan iyali irin naku ba ya ciki sai in an ayyana shi, don haka babu mai kare shi sai ku. Uwa uba, gida ne na gado. Kada a sa ko bulo ɗaya sai an san rabon kowa, mata da maza, na gida da na nesa, an kuma rubuta yarjejeniya gaban malami masanin gado ko alƙali. Wanda ya gina shago da kuɗinsa a filin da ba a raba ba ya shuka rigimar da 'ya'yansa za su girba.

Kuna da abin koyi a kusa da ku. Gidan Nabame ya kasance fadar Sarkin Kabi har 1942, aka mai da shi gidan tarihi na Kanta a 1958, kuma ya kai yau ne saboda an sama masa aikin yi ana kuma kula da shi. A Agadas ta Nijar, tsohon garin da mutane ke zaune a cikinsa, na ƙasa ne, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013. A Djenne ta Mali duk shekara gari ke fitowa a yaɓe babban masallaci. Argungu da bikin kamun kifinta ya shiga jerin al'adun UNESCO a 2016 tana karɓar baƙi daga ko'ina, kuma baƙon da ya fito daga gidan tarihi zai so ya ga unguwar da ke kewaye da shi da sauran kamanninta. Zauren da ake karatun allo a ciki, ko ake ɗaurin aure, ko wani ɗan gidan yake ɗinki, ba ya lalacewa da wuri, domin idon mutane na kansa kullum.

Kafin a fara aiki, ku ɗauki hoton kowane lungu da waya, ku auna tsawo da faɗi da kaurin bango ku rubuta. Ku zaunar da Baffa ya faɗi wanda ya gina, da wanda ya zauna a kowane ɗaki, ku naɗi muryarsa. In an ci karo da tsofaffin takardu na Larabci ko ajami a cikin adaka ko alkuki, kada a zubar, kada a sa musu gam ko salatif, a ajiye su a busasshen wuri nesa da gara. Wajen neman magini kuma ku bi ta fada ko ta wurin mai unguwa a haɗa ku da Sarkin Magina ko dattawan sana'ar, ku ce ya nuna muku soron da ya gyara wanda ya ga damina uku ko huɗu, ku je ku shiga ku ɗaga kai ku duba kafin a yi ciniki.