Fatawa: Yunwar Jemstaun da hukuncin abin da mutum ya ci don ya rayu

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni ɗalibin tarihi ne. Mun karanta cewa Turawan Ingila da suka kafa garin Jemstaun a Birjiniya ta Amurka a 1607 sun shiga yunwa mai tsanani a hunturun 1609 zuwa 1610, har suka ci mushe da gawar mutane. Da Musulmi ne ya shiga wannan hali, mene ne hukuncinsa?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Abin ya faru. Jirgin da ke ɗauke da shugabanninsu da guzuri ya fashe a tsibirin Bamuda, fari ya kama ƙasar, mutanen Fowhatan, 'yan asalin wurin, suka yi wa sansaninsu ƙawanya. Suka ci dawakai da karnuka da ɓeraye da macizai, har fatar takalmi suka dafa. Da taimako ya iso a watan Mayu na 1610, mutum kusan 60 kawai aka tarar da rai. A 2012 masu tono sun gano ƙoƙon kan wata yarinya 'yar shekara 14 da alamun sara a jikinsa. Duk mai 'ya, idan ya ji wannan, sai zuciyarsa ta karye.

Cin mushe da dabbobin da aka hana halal ne ga wanda larura ta kai shi bakin mutuwa. Allah ya faɗi haka a aya ta 173 ta Suratul Baƙara, a aya ta 3 ta Ma'ida kuma ya ambaci yunwa da sunanta. Mai Risala, littafin fiƙihu na mazhabar Maliku, ya ce wanda ya matsu ya ci ya ƙoshi, har ya yi guzuri, in ya wadatu ya zubar da sauran. Mafi yawan malamai ma sun ce cin wajibi ne a kansa, in ya ƙi ya mutu ya yi laifi.

Gawar ɗan Adam ita ce wurin saɓani. Mashahurin zance a mazhabar Maliku shi ne hani, shi ya sa Shehu Halilu, mai littafin Mukhtasar, da ya halatta wa mai larura abin da zai tsare ransa, bai sa naman mutum a ciki ba. Hujjarsu hadisin Nana A'isha ne da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Shafi'awa sun halatta idan babu komai sai ita, domin alfarmar mai rai ta fi ta mamaci. Ni ina kan hani a fatawa, amma ba zan buɗe baki in tsine wa wanda ya aikata yana ganin mutuwa da idonsa ba, tunda manyan malamai sun ba shi uzuri.

Kisa kuwa babu ƙofa. Shugaban mutanen Jemstaun na lokacin, Joj Fasi, ya rubuta cewa wani mutum ya kashe matarsa mai ciki ya sa wa namanta gishiri, suka yanke masa hukuncin kisa. Malamai sun haɗu a kan cewa yunwa ba ta halatta jinin wanda Shari'a ta kare, domin ranka bai fi nasa daraja ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ya dame ni. Tun kafin hunturun, baƙin nan sun sha karɓar masarar mutanen Fowhatan da ƙarfin bindiga. Mai larura yana da haƙƙi a kan abincin da ya yi rara a hannun wani, in an hana shi yana iya karɓa da ƙarfi bayan ya sanar da halin da yake ciki. Amma idan mai abincin shi ma yana buƙatarsa, shi ya fi cancanta, kuma farin nan bai tsallake gonakin Fowhatan ba. Ƙwace musu rumbu a wannan hali zalunci ne, larura ba ta wanke shi.

Wallahu a'alam.