Me ya sa Turawa suka fitar da aladu daga keji?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. An koya mana cewa Turai ta hana kulle aladu masu ciki a keji. Mu da ba ma kiwonsu, me za mu ƙaru da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Gaskiya ne ba ma cin alade, ba ma kiwonsa, amma gobe bautar ƙasa na iya jefa ka Binuwai ko Kafanchan, a kawo maka shi ba lafiya, kuma dole ka duba shi.

Fara da halittarsa. Idan aka sake shi, fiye da rabin yininsa a tono da hanci da neman abinci yake ƙarewa. To a kejin ƙarfe mai tsawon kimanin mita 2 da faɗin santimita 60, inda ta-macen ba ta iya ko juyawa, ina za ta kai wannan ɗabi'a? Sai ka ga tana gwaguyar ƙarfe, tana tauna baki ba komai a ciki, har kumfa ya fito. Ƙanana kuma da aka cusa a ɗakin siminti fayau sukan koma cizon jelar juna har jini. Yanke jelar da ake yi ɓoye ciwon ne kawai, a ganina, don ƙuncin na nan. Dalilin ke nan Birtaniya ta hana kejin a 1999, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2013, sai dai ta yarda da shi a makonni 4 na farkon ciki.

Abin da ya maye gurbinsa shi ne haɗa su rukuni a fili mai faɗi, da shimfiɗa ciyawa ko ɓuntun shinkafa mai kauri, ko sakin su a shinge a waje. Shimfiɗar nan ta fi taɓa mini zuciya. Ciki kwana 114 ne, kuma idan saura kamar yini guda, ta-macen takan tashi haiƙan tana tattara ciyawa don ta gyara wurin haihuwa, ba wanda ya koya mata. Hana ta wannan zalunci ne.

Amma kada ka ɗauka da an sake su shi ke nan. Baƙin juna sukan yi faɗa idan aka haɗa su, mai ƙarfi ya hana rarrauna ci. Uwa kan danne jariranta idan ba a sa ƙarfen kariya a gefen bango ba. A waje kuma ga tsutsar ciki, ga zazzaɓin aladu na Afirka wanda ba shi da magani, shi ya yi mummunar ɓarna a Oke-Aro kusa da Legas a 2020. Sannan alade ba ya gumin da zai sanyaya shi, birgimar taɓo ce maganin zafinsa. A rana irin tamu ta Afrilu, da ke haura digiri 40, ba inuwa ba taɓo, mutuwa zai yi.

Ka kai wannan idon gida. Ragon layya da ke wata uku a turke da gajeriyar igiya, yana tunkuyar bango yana cin leda, kukan iri ɗaya yake yi. Ka sa a tsawaita igiyar, a sauya masa wuri, a bar harawa gabansa, a ɗaure shi inda yake ganin 'yan'uwansa.