Amsa ga mai tambayar rumfar reno mai siffar ƙubba da aikin gayya

Wa alaikumus salam. Malam, na ga tambayarka cewa ƙungiyarku ta matasa na son kafa rumfar renon shuka irin mai zagayen nan kamar an kife ƙwarya, kuma kana so ka san ko gayya za ta iya ɗaga ta ba sai an ɗauko injiniya ba. Za ta iya. Mu mun yi tamu a wani ƙauye kusa da Kura, yau damina uku ke nan tana tsaye. Sai dai mun sha wuya a wuraren da bai kamata ba, shi ya sa zan ɗan ja maganar.

Abin da ya tura mu shi ne sharon, tsutsar nan da ta cinye tumatir a Kadawa da kewaye a 2016. Tun daga lokacin muke neman inda za mu reni iri ba tare da ƙwaro ya riga mu ba. Siffar kuwa ba sabuwa ba ce. Wani Ba'amurke, Buckminster Fuller, shi ya yayata ta har ya yi mata rajista a 1954. Sirrinta kusurwa uku-uku ne da ke riƙe juna, don haka babu ginshiƙi a tsakiya, kuma babu ƙarfe ɗaya da ya fi ƙarfin yaro ɗauka.

Ga lissafin tamu, mafi sauƙi a cikinsu. Faɗinta mita 6, tsayinta a tsakiya mita 3. Sanduna 65 ne, dogaye 35, gajeru 30, suna haɗuwa a mahaɗa 26. Dogo mita 1.85 da ɗan ɗoriya, gajere mita 1.64. In za ku canza girma, ku ninka rabin faɗin da 0.618 ku sami dogo, da 0.5465 ku sami gajere. Mun sayo fayif mai tsawon mita 6 a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, kowanne ya ba mu sanda uku, guda 22 suka ishe mu. Kuɗi kuwa, ku ɗauki wannan lissafi ku je ku taya da kanku, don farashin ƙarfe na safe daban, na yamma daban.

To ga inda muka fara cin ƙasa. Awon nan daga rami zuwa rami ne, wato tsakanin hudojin da noti zai shiga, ba daga baki zuwa baki ba. Sai an ƙara kamar santimita biyu da rabi a kowane gefe, a daddale bakin, a huda, a ɗan lanƙwasa shi. Mai waldar da muka ba aikin ya yanka daidai awo, ya huda daga ciki, kuma da ido ya riƙa yi. Laifina ne da na bar masa takarda na tafi jana'iza. Ranar gayya mutum kusan talatin sun taru, mata sun dama kunu, an raba goro, muka hau layi na biyu sai ramuka suka ƙi haɗuwa. Haka aka watse ana yi mini dariya a ɓoye. A karo na biyu katako muka samu muka kafa ƙusa biyu a kai, duk sandar da ba ta zauna a kan ƙusoshin nan ba, ba ta bar shagon ba.

Saboda haka kada ka kira gayya sai komai ya kammala. Gayya ta yini ɗaya ce, wanda ka ɓata wa yini ba lallai ya amsa kira na biyu ba. Mu mutum huɗu muka yi mako muna yanka da huda, muka shafa wa dogaye jan fenti, gajeru shuɗi. Ranar aiki ka gaya wa kowa abu ɗaya: duk shuɗi biyar wuri guda suke haɗuwa, kuma irin wannan mahaɗa shida ce, biyar a gefe, ɗaya a ƙololuwa. A fara jera ja goma a ƙasa su zagaye, a yi ta hawa, kada a ɗaure noti tamau sai sanda ta ƙarshe ta shiga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma mutum goma sha biyu da tsani biyu sun isa, sauran surutu za su ƙara maka. Kuma mai ba da umarni ya zama ɗaya. Mun fara bayan asuba, kafin la'asar mun sauko.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. Hotunan da ka gani yawancinsu na ƙasashen sanyi ne, su ɗumi suke tarawa. Mu nan daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Celsius, tumatir kuma da zafi ya wuce 35 furensa zubewa yake yi. Mun lulluɓe tamu da leda gaba ɗaya, cikin kwana uku irin ya dahu a tsaye. Yanzu ragar hana ƙwari ce mai ƙananan ido ta zagaye jikin, leda a saman kawai saboda ruwan sama, da bazara kuma mu ɗora baƙar ragar inuwa. Ku saya da rara, don abu mai zagaye yana cin yadi wajen naɗewa. Ƙurar hunturu tana toshe idon ragar, sai an riƙa wanke ta. Ƙofa ku yi biyu, a rufe ta waje kafin a buɗe ta ciki, in ba haka ba farin ƙuda zai bi bayan mai ban ruwa ya shige.

Kada ku raina iskar farkon damina. Rumfar ba ta da nauyi, tamu sai da ta matsa daga mazauninta a hadarin farko. Kowace mahaɗa ta ƙasa, su goma, a kafa mata turken ƙarfe a zuba kankare. Da zan sake, kan bulo layi uku zan ɗora ta, don a gefe-gefe sai mutum ya sunkuya.

Cikinta bai kai murabba'in mita 27 ba, don haka kada a yi wa 'yan ƙungiya alkawarin kwandunan tumatir irin na kasuwar Kwanar Gafan. Amfaninta reno ne: tumatir, attaruhu, tattasai, kabeji, su yi mako huɗu zuwa shida a raba wa kowa ya kai gonarsa ya dasa. In kun bar 'yan gindin tumatir su yi 'ya'ya a ciki, ku riƙa girgiza su da hantsi tunda ƙudan zuma ba ya shiga.

Tun kafin a sayi fayif ku rubuta sunan wanda zai riƙa ban ruwa kowace rana da kason da zai samu a cikin irin. Mu ba mu yi ba, sai da maganar ta kai gaban mai unguwa. Katakon awon namu yana nan, in kuna kusa ku aiko a ɗauka.